Wa ya ce kowace ganawa sai ta ci rabin awa?

Na ga kalandar wani shugaban ofishi a buɗe a kwamfutar sakatariyarsa. Daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 4:00 na yamma akwatuna ne a jere, kowanne rabin awa ko awa ɗaya cif, wannan manne da wancan, ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Mai zuwa a sa masa hannu a takarda an ba shi rabin awa. Masu zuwa da kasafin kuɗin shekara su ma rabin awa. Azahar ba ta da gurbi, abinci ba shi da gurbi. Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya zauna ya yanke cewa haka za a yi. Manhajar ce ta zo da wannan awon, kowa ya bi.

Matsayina a fili yake. Tsawon lokacin da kalanda ke sakawa da kanta idan an buɗe sabon alƙawari hukunci ne a kan lokacin mutane, kuma bai kamata a bar wa kamfanin da ya rubuta manhajar ya yanke shi ba. Duk ofishi, asibiti ko makarantar da ke amfani da manhajar kalanda irin su Google Calendar, Outlook ko Thunderbird ya kamata ta auna aikinta, ta gyara wannan saitin ya dace da shi, kuma gyaran ya fito daga sama ya shafi kowa. Ga yawancin ofisoshi, minti 25 da minti 50 sun fi 30 da 60. Ga wuraren da mutane ke bin layi, amsar tana wurin agogo da takarda, sai an auna.

Tela ba ya yanka yadi sai ya ɗora awo a kafaɗar mai kaya. Ban ga dalilin da za a yanka wunin ma'aikaci da awon da aka ɗauka a wata ƙasa, a kan wani aiki dabam ba.

Abubuwa uku ne, kada a haɗa su

Yawancin ruɗanin da ake samu daga nan yake tasowa, domin mutane kan gyara abu ɗaya su zaci sun gyara wani.

Na farko shi ne tsawon sabon alƙawari: idan ka danna wuri a kalanda, minti nawa take ba ka kafin ka taɓa komai. Outlook kan zo da minti 30, Thunderbird kan zo da 60.

Na biyu shi ne tazarar layukan da ake gani a allo, wato yadda aka rarraba kowace awa. Wannan shi ke nuna inda linzamin kwamfuta zai iya kamawa idan kana jan akwati. Idan layukan rabin awa ne, hannunka zai riƙa faɗawa kan 10:00 da 10:30, ba za ka taɓa yin tunanin 10:15 ba.

Na uku shi ne sararin da ake bari tsakanin ganawa da ganawa, abin da zan kira tazarar numfashi. Yawancin manhajoji ba sa barin ko minti ɗaya sai ka umarce su.

Kada wani ya ce kwamfutar ce ba ta iya wani lissafi ba. Ƙa'idar da kalandoji ke musayar gayyata da ita, iCalendar, wadda aka fitar a 1998 aka sabunta a 2009, tana iya rubuta lokacin farawa da lokacin gamawa har zuwa daƙiƙa. Ganawar minti 7 da ta minti 43 duk ɗaya suke a wurinta. Rabin awa zaɓin mutane ne, mutane kuma na iya sauya shi.

Inda ake gyarawa

A Google Calendar na kwamfuta, danna alamar saiti da ke sama ta hannun dama, ka shiga Settings, ka sauka zuwa Event settings. Akwai Default duration, inda za ka zaɓi minti 15, 20, 30, 45, 60, 90 ko 120. A ƙarƙashinsa akwai ɗan akwati mai suna Speedy meetings. Idan ka yi masa alama, ganawar minti 30 za ta koma 25, wadda ta fi haka tsawo kuma a rage mata minti 10, wato awa ɗaya ta zama minti 50.

A tsohon Outlook na Windows, hanyar ita ce File, sai Options, sai Calendar. Nan za ka ga wurin zaɓar tsawon sabon alƙawari, da kuma Shorten appointments and meetings. Outlook ya fi Google a wannan gaɓar, domin yana ba ka zaɓi biyu: a gama da wuri, ko a fara a makare. Yana kuma raba ganawar da ba ta kai awa ba da wadda ta kai, yawanci minti 5 ga ta farko, minti 10 ga ta biyu. A sabon Outlook da na intanet, abin yana cikin Settings, Calendar, Events and invitations.

Tazarar layuka kuwa tana wani wuri dabam. A Outlook, buɗe kalanda, shiga View, sai Time Scale: akwai 60, 30, 15, 10, 6 da 5. Wanda ya ga 6 zai yi mamaki. Minti 6 kashi ɗaya ne cikin goma na awa, kuma da shi lauyoyi da masu ba da shawara a Amurka da Ingila suke lissafa kuɗin aikinsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu sana'ar da suka san darajar lokacinsu sun sa an yi musu awon da ya dace da su.

A Thunderbird, shiga Settings, sashen Calendar, za ka ga wurin rubuta tsawon alƙawari da mintuna. Nan ba zaɓi aka jera maka ba, duk adadin da kake so za ka rubuta.

Duka wannan bai kai aikin minti biyu ba.

"Ai kowa na iya canzawa da hannu"

Wannan ce hujjar da aka fi kawowa, kuma gaskiya ce a baki. Amma mu dubi kanmu. Mutum nawa ne suka taɓa sauya ƙarar da wayarsu ta zo da ita? Nawa ne suka sauya lambar sirrin da ke manne a bayan na'urar intanet ta ofis? Abin da aka tarar a wurin, shi ake bari. Sakatariyar da za ta shigar da alƙawura 20 a rana, waya na ƙara, baƙi na tsaye a kanta, ba za ta tsaya tana gyara lokacin gamawa sau 20 ba. Za ta rubuta suna ta danna ajiye.

Akwai kuma kunya. Ƙaramin ma'aikaci ba zai aika wa darakta gayyatar minti 15 ba, yana tsoron a ce ya raina shi, ko kuma a ce maganar tasa ba ta da nauyi. Idan kuwa manhajar ofishin ce gaba ɗaya take ba da minti 25, nauyin ya sauka daga kansa. Shi ya sa na ce gyaran ya fito daga sama.

"Minti biyar me zai yi?"

A yi lissafi. Mutum mai ganawa shida ta rabin awa a rana ya sami minti 30. A sati mai kwana biyar, awa biyu da rabi. Taron mutum goma na awa ɗaya kuwa awa goma ce ta aikin ma'aikata. Idan ya koma minti 50, an maido wa ofishin minti 100 daga zama ɗaya.

Amma ba tarin mintunan ne suka fi muhimmanci a wurina ba. Inda suke faɗowa shi ne abin dubawa. Taron da ya ƙare 11:00, wani ya fara 11:00 a wani ɗaki ko wani bene, ƙarya ce a rubuce, domin babu mai iya kasancewa wuri biyu a minti ɗaya. Dole ɗaya ya ci lokacin ɗaya. Ga rubuta abin da aka yanke kafin a manta, ga buɗe takardun taro na gaba, ga shan ruwa da kewayawa. Idan taron bidiyo ne, ga neman mahaɗin shiga, ga gwada sauti, a wurare irin namu kuma ga jiran a tayar da janareta idan an ɗauke wuta, ga sauyawa daga wannan layin intanet zuwa wancan.

Kamfanin Microsoft ya yi wani ɗan gwaji da ya wallafa a 2021. An sa wa mutum 14 hular auna motsin ƙwaƙwalwa, suka yi taruka huɗu na rabin awa a jere ba hutu, a wata ranar kuma suka yi huɗun da hutun minti 10 a tsakani. Alamun gajiya da matsin rai sun riƙa taruwa a zaman da ba hutu, ba su taru haka a ɗayan ba. Mutum 14 ba su da yawa, kuma kamfanin mai sayar da manhajar ne ya yi gwajin, don haka ba zan ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa ba. Sai dai duk wanda ya taɓa fitowa daga taro na huɗu a jere ya san abin da ake nufi.

Gara a fara a makare da a ce za a gama da wuri

Ga wanda manhajarsa ta ba shi zaɓi, ina goyon bayan a fara 10:05 a gama 10:30, maimakon a fara 10:00 a ce za a gama 10:25.

Dalilin ɗabi'ar mutane ne. Idan agogo ya nuna 10:25 kuma babba na tsakiyar magana, babu wanda zai miƙe. Kowa ya san ɗakin babu kowa sai 10:30, don haka mintuna biyar ɗin sai su narke. Amma idan taro na gaba sai 10:35, tazarar tana nan ko da na farkon ya kai ƙarshen lokacinsa, domin babu mai iya fara taro kafin mutane su zo.

Jami'o'i sun daɗe da gane wannan. A Jamus akwai tsohuwar al'adar fara lacca minti 15 bayan lokacin da aka rubuta. A jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley darussa kan fara minti 10 bayan cikar awa. Dalili ɗaya ne, ɗalibi sai ya taka daga wannan ginin zuwa wancan. Masu aikin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa su ma sun saba da zaman minti 50, su bar 10 don rubuta bayani kafin mai zuwa ya shigo.

Google daga ƙarshe yake ragewa. Mai amfani da shi sai ya haɗa da tarbiyya: shugaban taro ya sa ƙararrawar waya minti 5 kafin lokacin tashi, idan ta buga a koma kan wa zai yi me, zuwa yaushe.

"Mu da ba ma zuwa kan lokaci?"

Wani zai ce wannan magana ta Turawa ce, mu taron ƙarfe 10:00 sai 10:40 ake farawa, me minti biyar zai gyara? Ina ɗaukar wannan da muhimmanci, domin akwai gaskiya a ciki. Saitin kalanda ba zai sa mai makara ya daina ba.

Amma a tambayi dalilin makarar. Kaso mai yawa na jinkirin rana gado ne daga taron da ya gabata: na 9:00 ya wuce da minti 10, na 10:00 ya fara a makare ya ƙara nasa, kafin Azahar an bi jadawalin bashin minti 40. Tazarar numfashi ita ke shanye wannan bashin kafin ya yi yawa. Kuma mutanen da ake cewa ba sa kiyaye lokaci su ne ke cika sahu kafin a tayar da iƙama, su ne ke isa filin jirgi da wuri. Inda aka san lokacin da aka faɗa gaskiya ne, ana kiyaye shi. Jadawalin da kowa ya san ba zai yiwu ba shi ke koya wa mutane su raina shi.

Tunda an ambaci salla, manhajar ba ta san da ita ba sai an gaya mata. A saka Azahar da La'asar a matsayin alƙawari mai maimaituwa kullum, a nuna mutum ba ya nan, a ba su abin da suke ci da gaske: alwala, tafiya masallaci, salla, dawowa, minti 20 zuwa 30. Ranar Juma'a a toshe abin da ya kai awa biyu. Wanda ke Landan ko Legas yana neman gurbi a kalandarka ba zai sani ba idan ba ka rufe wurin ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Inda kuskuren ya fi tsada: wuraren layi

A ofis, awon da bai dace ba gajiya yake jawowa. A asibiti, ɗakin gwaji, ofishin ɗaukar hoton katin shaida ko wurin ganin malamin da ke duba aikin ɗalibai, wahalar mutane yake jawowa, kuma lissafinta a bayyane yake.

A ce likita na ɗaukar minti 12 da mara lafiya, da minti 3 na rubutu da wanke hannu, jimla 15. Aka saita manhajar a kan minti 10. Kowane mutum yana ƙara jinkirin minti 5 a kan na bayansa. Idan an fara 8:00, mutum na 20 an rubuta masa 11:10, amma ba zai shiga ba sai 12:45. Minti 95 yana zaune a benci, alhali babu wanda ya yi lalaci. Idan kuma aka bar ta a kan rabin awar da ta zo da ita, a awa takwas mutum 16 za a gani a maimakon 32, sauran a ce su dawo wani sati.

Babu adadi ɗaya da ya dace da ko'ina. Wani nazari da aka buga a mujallar BMJ Open a 2017, wanda ya duba ƙasashe 67, ya sami matsakaicin ganin likita daga daƙiƙa 48 a Bangladesh zuwa minti 22.5 a Suwidin. A Birtaniya, inda aka daɗe ana ba da minti 10, ƙungiyar likitocin iyali ta ƙasar ta nemi a 2019 a mayar da shi aƙalla 15, saboda masu zuwa da cututtuka biyu ko uku a lokaci guda sun yi yawa.

Hanyar aunawa ba ta da wuya. A ɗauki sati biyu, mai karɓar baƙi ya riƙa rubuta lokacin da kowa ya shiga da lokacin da na bayansa ya shiga. A lura, daga shiga zuwa shiga ake aunawa, don rubutu da shirya ɗaki su shigo cikin lissafin. A raba sabon zuwa da mai dawowa, domin sabon kan ci ninki. Sai a yi nau'i biyu a manhajar, misali minti 30 ga sabo, 15 ga mai dawowa. Bayan kowane mutum shida ko takwas a bar gurbi ɗaya babu kowa, shi zai shanye jinkiri da mai zuwa da gaggawa. Tun 1952 wani masanin lissafi a Ingila, Norman Bailey, ya ba da shawarar a kira mutum biyu a farkon zama, sannan ɗaya ɗaya a tazarar matsakaicin lokacin ganawa, don kada likita ya zauna jira idan na farko bai zo ba. Har yanzu dabarar tana aiki.

Manhajojin da mutane ke kama gurbi da kansu, irin su Calendly, Microsoft Bookings da shafin alƙawura na Google, suna da wurin saka tsawon ganawa da tazarar numfashi dabam dabam. Wasu suna da na uku, wato kowane minti nawa ake nuna sabon lokacin farawa. A nan ake yawan yin ɓarna. Idan ganawa minti 45 ce, aka bar mutane su zaɓi farawa kowane minti 15, wani zai kama 9:00, wani ya kama 10:15, sai rabin awar da ke tsakanin 9:45 da 10:15 ta mutu, ba ta isa kowa ba. Mafita ita ce tazarar farawa ta yi daidai da tsawon ganawa haɗe da numfashinta: 45 da 15, a riƙa farawa kowace awa.

Abin da kan lalace bayan an gyara

Sabon saiti sababbin alƙawura kawai yake shafa. Taron mako mako da aka kafa bara yana nan da awarsa, sai wanda ya kira shi ya buɗe ya gyara jerin gaba ɗaya. Gayyatar da ta zo daga waje ma da awon mai aikowa take zuwa.

A duba waya. Manhajar kalandar da ta zo da wayar ba lallai ta bi abin da aka saita a kwamfuta ba, tana da nata saitin, kuma mutane da yawa daga waya suke shigar da alƙawari.

Kada a yi zarin ƙananan layuka. Wunin awa takwas layi 16 ne a kan minti 30, layi 32 a kan 15, layi 96 a kan 5. Da ka kai 5, ba za ka ƙara ganin wuninka a allo ɗaya ba, sai ja sama da ƙasa. Minti 15 ya ishi yawancin mutane, 10 ga masu karɓar marasa lafiya.

Tunatarwa ma tana bukatar dubawa. Outlook kan tuna maka minti 15 kafin taro. Idan ganawarka gajeru ne a jere, tunatarwar za ta riƙa faɗowa a tsakiyar wadda kake ciki, ka kore ta, ka manta. Mayar da ita minti 5.

Masu amfani da Zoom na kyauta su tuna yana yankewa a minti 40. Gayyatar awa ɗaya a kansa shirya katsewa ce a tsakiyar magana. A rubuta 35.

Kuma kada a mayar da 25 sabuwar doka da ba a tambaya. Sulhu tsakanin ma'aikata biyu, ko zaman tsara aikin shekara, yana iya bukatar awa biyu, a ba shi. Abin da ake so shi ne mai neman dogon lokaci ya zama shi ne zai miƙa hannu ya ƙara da saninsa.

Wa zai yi?

A ofishin da ke kan Microsoft 365, wato tarin manhajojin ofis na Microsoft da Outlook ke ciki, mai kula da kwamfutoci na iya kunna rage tsawon taro ga ma'aikata duka a lokaci guda, da umarnin Set-OrganizationConfig, ya zaɓi farawa a makare ko gamawa da wuri, da mintunan da za a rage. Microsoft ta buɗe wannan damar a 2021, kuma duk ma'aikacin da aikinsa ya bambanta yana iya sauya nasa. Amma mai kula da kwamfuta ba zai taɓa wannan da kansa ba, kuma bai kamata ba, domin lokacin ma'aikata ba hurumin sa ba ne. Shugaban ofishin ne zai ba da umarni a rubuce, a sanar da kowa ranar da za a fara da dalilin, don kada a ga 10:05 a gayyata a zaci kuskure ne.

Ƙaramin ofishin da ba shi da irin wannan tsarin, a tara mutane a zaman safiyar Litinin, kowa ya buɗe kwamfutarsa da wayarsa, a bi matakan tare. A fara da kalandar shugaba da ta sakatariyarsa, domin daga nan yawancin gayyata ke fita. Bayan wata ɗaya a ɗauko kalandar sati guda a ƙirga taruka nawa suka fara a lokacin da aka rubuta musu. Idan har yanzu na bayan Azahar suna makara, a ƙara tazarar zuwa minti 10 a sake ƙirgawa.